Gurbin Suna a Waƙar Daɓe

Madaɓina na ƙirya ne, wurin gwaggona na gaje shi a Tafashiya, kuma da shi aka farfasa wa ɗana hannun dama ina tsaye ina kallo. Zan faɗi yadda aka yi tun daga farko, don masu ba da labarin a tasha sun fara ƙara masa abin da ba a yi ba.

Kafin siminti ya zo, in za a kai amarya sai an daɓe mata ɗaki. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, a yi ta dukan ƙasa tun hantsi har ta yi santsi tana ƙyalli. Ba a yin wannan aiki da baki a rufe. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, dukan yana tafiya da muryar. Ni ce mai bayarwa a unguwarmu tun ina goyon fari. Ba zabiya ba ce ni, ban taɓa waƙa don a ba ni ba, kuma wadda ta kira ni zabiya ta san abin da ta ji.

Waƙar daɓe ba ta da mai ita. Ki karɓa wurin wata, ki ƙara naki, ki bar wa na baya. Abu ɗaya ake kiyayewa: kafin ki fara sai ki faɗi bakin da kika samo ta. Akwai kuma wani baiti da muke ji da shi, na marowaci:

Mun daki ƙasa ta kwanta,
cikinmu bai kwanta ba,
wane ya rufe rumbu,
ya hau murfin ya zauna.

Inda na ce wane, nan ake sa sunan duk namijin gidan da bai aiko wa mata komai ba. Kawun ango ne, ko wan uba, ko angon kansa. Yana daga zaure zai ji sunansa na tashi. Sai ya aiko da goro ko ƙwaryar fura, mu cire shi mu mayar da shi baitin yabo, a yi dariya. Kafin la'asar an manta. Haka muka taso muka gani, ban taɓa jin an yi jini a kai ba.

Bayan rasuwar maigidana na dawo Kankia wurin ɗana na fari. Gyaran waya yake yi a bakin tasha, mutum ne mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar, hannunsa kuma Allah ya yi masa baiwa, abin da idona ba ya gani shi yake ɗauka da ɗan hantsaki ya liƙa. Ni ina soya ƙosai a gefen shagon da safe. Daga nan nake ganin kowa, mai sauka da mai hawa, da wanda ya zo tasha ba tafiya za shi ba.

Yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya tsinta wurin 'yan gwangwan ya tayar. Wata rana na tambaye shi abin da yake yi wa murmushi a cikinta.

“Inna, manhajar da ke tafiyar da ita ba ta da ubangida,” in ji shi. “Mutane ne a ƙasashe daban-daban, ba su ma san juna ba, kowa ya sa hannu. Sun bar cikinta a buɗe. Wanda ya ga ɓaraka ya gyara, ya ba saura.”

Na ce, “Ashe gayya ce.”

“Gayya ce, Inna.”

Abin ya kwanta mini. Ni ko garin tuwo ba na saye in ban ga niƙansa ba. Ya ce akwai mawaƙa ma da suke sakin waƙarsu haka, kowa ya ɗauka ba sata ba ce. Irinsu yake sa wa direbobi a katin waya, ba ya karɓar komai, masu tura waƙa na tasha suna jin haushinsa.

Shi ya matsa sai an ɗauki waƙar daɓe. Na tara tsofaffi huɗu da suka rage, muka zuba tsakuwa a tsakar gida, muka durƙusa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. Da muka zo baitin marowaci ban sa sunan kowa ba, tunda ba ɗakin kowa muke daɓewa ba. Na yi shiru a wurin, madaɓai suka sauka sau uku, na ci gaba. Ya wanke sautin a kwamfutarsa, ya cire kukan akuya da tarin ɗaya daga cikinmu. Sannan ya sa muryarsa a farko: waƙar daɓe ce ta matan Tafashiya, daga bakin mahaifiyar mai gyaran waya na tashar Kankia, kowa ya ɗauka, ya ƙara, ya rage, amma ya faɗi inda ya samo, kuma kada ya hana wani nasa. Madaɓin ya rataye a shago don ado.

Ni na ce a sa wannan gabatarwa. Shi cewa ya yi a rubuta a gefe kawai. Na ce waƙa ba ta fita ba a faɗi bakin da ta fito ba.

Ba a yi wata biyu ba ta cika motoci. Mutane suka gano gurbin. Direba ya sa sunan ɗan kamasho, mata suka sa sunan mazajensu, wani malamin allo ya ce mini ya ji nasa sunan daga wayar ƙanensa, ya yi dariya har ya share hawaye. Wasu suka sa mata kiɗan fiyano. Kuma duk wanda ya taɓa ta ya bar muryar ɗana a farko, kamar yadda aka roƙa. Mutanen kirki ne, ba su san abin da suke ja mana ba.

Ina da ƙawa Bafillatana, rugarsu na wajen Boko ta ƙasar Kusada. Shekara ashirin tana kawo nono tasha, tana ajiye ƙwaryarta kusa da kaskona. Tana ce mini Kaɗo, ina ce mata mai warin man shanu. A damunar shekarar wani Alhaji mai sayen gonaki, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya haɗa da burtalin da shanunsu ke bi ya nome. Karsanarta ta bi hanyar da ta saba. Masu gadin gonar suka kama ta suka datse mata agara duka biyu da adda, suka bar ta. Na je jaje. Na tarar da karsanar tana jan gindi a ƙasa da ƙafafun gaba, jini ya yi layi tun daga bakin gonar, tana kuka irin wanda ban taɓa jin saniya ta yi ba. A gabana mijin ƙawata ya yanka ta. Ƙawata ba ta yi hawaye ba. Karsanar ita ce uwarta ta bar mata.

Da kaka sai ga sabuwar waƙar ta fito da sunan Alhajin a gurbin. Sunan kawai, ba a ƙara komai ba. Wani ya bi da ita ta na'ura ya matse muryar ta koma siririya, ba a sanin mace ce ko namiji. Ita ta fi kowace yawo, don mutumin ba mutum ɗaya ya taka ba. A bakin masallaci ma yara na rera ta in motarsa ta wuce.

Sau ɗaya na ji ta na gane. Mai sa sunan tana buga ludayi a bayan ƙwarya, kuma ƙwaryar tana da ɗinki, tana zuza kaɗan in an buga. Ni na kai wannan ƙwaryar wurin mai ɗinki da hannuna. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar kasuwa da hantsi suka zo, su biyar, ƙauraye 'yan daba, da gora da adda. Babbansu na san shi, ƙato ne mai tabo a leɓe, ni na daɓe ɗakin da aka haife shi. Bai yi sallama ba.

“Kai ne mai gyaran wayar da ke magana a farkon waƙar?”

“Ni ne.”

“To cire ta.”

“Daga ina?” in ji ɗana. “Tana wayar mutum dubu. Ko ni ban isa ba.”

“Uwar waƙar na cikin wannan akwatin, ko ba nan aka haife ta ba?”

Ɗana ya fara yi masa bayani cewa ba kaset ba ne, babu uwa babu ɗiya, kowace ɗaya cikakkiya ce. Bai gama ba mari ya sauka, bakinsa ya fashe. Suka jawo kwamfutar suka maka ta a kan kwalta, suka bi ta da gora har ta zama tarkace. Ɗaya ya harbe kaskona, mai ya watsu, ya ƙone ni a ƙauri.

Na ce, “Kai, ɗan gidan wa kake ba ka san ni ba? Ƙasar da ka yi rarrafe a kanta hannuna ne.”

“Iya, koma gefe. Ba da ke muke ba tukuna.” Ya juya ga ɗana. “Nan da jibi Alhaji na son sunan wanda ya sa sunansa. Ku kuka haƙa ramin, ku kuka san wanda ya shiga.”

Da muka koma gida, matarsa na gasa masa baki da ruwan zafi, ya dube ni.

“Inna, kin fi kowa kunne. Ba ki gane muryar ba?”

Na ce, “Muryar da aka matse kamar ta sauro?”

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba, kuma na san bambancin.

Washegari ƙawata ta zo da nono kamar kullum. Ta ga shagon, ta ga ƙaurina. Ta durƙusa kamar tana gyara faifai.

“Kaɗo, ni ce. Waya biyu na haɗa, ɗaya na kunna waƙar, ɗaya na ɗaukar muryata. Zuciyata ce ta ƙi kwanciya. Bari in tahi in faɗa mashi.”

“Ki rufe mini baki. Ki kuma canza wannan ƙwaryar yau.”

“Za su taɓa ɗanki.”

“Ke kuma mi za su yi muku?”

Ita ma ta sani. A shekarun nan ba sai an yi wa mai shanu dogon sharri ba. Kalma ɗaya ta isa, a ce shi ke kai wa ɓarayin daji labari. Na ga rugar da aka ƙona a kan wannan kalmar, na ga abin da aka kwaso daga cikin tokar. Alhajin kuwa da ma burtalin yake so babu mai bi.

Daga nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaura zanena mai kyau na tafi gidan Alhajin da azahar. Na same shi a ƙofar gida kan kujera, mutanensa zagaye da shi. Na durƙusa na gaishe shi.

“Ranka ya daɗe, wannan abu yana da magani, tun kakanni. Wanda aka sa a baitin rowa goro yake aiko wa mata, ko fura. Ka aiko ko ƙwarya ɗaya ce. In tara tsofaffina mu sa ka a baitin yabo, mu sake ta, ta bi waccan ta rufe.”

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. A duniyar da na sani haka ake yi.

Ya dube ni ya dubi mutanensa. “Kun ji? Sun zage ni, yanzu kuma in biya su su yabe ni. Iya, ashe sana'a ce?”

“Ba sana'a ba ce, al'ada ce.”

“Ku raka ta.”

Suka raka ni da hankaɗa, na faɗi a kan gwiwa a bakin kwata. Kafin na je, sunan wani kawai yake nema. Bayan na je, ya ɗauka mu ne muka shirya abin tun farko.

Ba su jira jibi ya cika ba. Da safe suka dawo, rana ta ɗan ɗaga, tasha cike da mutane. Biyu suka tsaya a ƙofar shago da adduna tsirara, masu kallo suka ja baya. Biyu suka danne ɗana, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan teburin aikinsa, cikin ƙananan sukurori. Mai tabon ya duba shagon yana neman abin duka, idonsa ya faɗa kan madaɓin. Ya sauke shi ya jijjiga.

“Da wannan ake waƙar ko?”

Na ɗauki kujerata ta tsugunno na maka wa na kusa da ni a ƙeya. Ya juyo ya naushe ni a baki, haƙorana biyu suka zube, na ji su a kan harshe. Ya murɗe mini hannu ta baya ya tsayar da ni ina fuskantar teburin.

“Iya, an ce ke ce mai kunne. Wa ya sa sunan?”

“Ni ce,” na ce, jini na bin haɓata.

“Ƙarya kike. Ke da kin sa da muryarki za ki sa, mun san halinki. Wa?”

Na ƙi faɗa. Ya ɗaga madaɓin ya sauke a kan yatsun. Na san ƙarar ƙirya a kan tsakuwa, shekara hamsin ina jinta. A kan ƙashi daban take. Ɗana ya yi ƙara ya kira ni, ba Allah ya fara kira ba, ni ya kira, kamar yana yaro.

“Wa?”

Sunan yana bakina. Gajeren suna ne. Na dube shi, ɗana, fuskarsa ta koma toka, na ga bukkokin can wajen Boko da yara na wasa a gindin turke. Na haɗiye jinin da sunan tare.

Ya sake saukewa. Farce ya tashi ya faɗi ƙasa. Ya sake. A na huɗu ɗana ya daina ƙara, kansa ya langaɓe.

Wani direban Katsina ne, tsoho mai furfura, ya fara fitowa da ƙarfen taya. Sai ga 'yan kamasho, sai mahauta daga rumfarsu da wuƙaƙe. Aka cakuɗe. Na ga an fasa wa ɗaya goshi, na ga mai tabon ya sari wani mahauci a kafaɗa kafin su samu hanya su hau baburansu. Ni ban bi ta kansu ba. Na cire ɗankwalina na naɗe abin da ya rage na hannun.

A asibiti suka cire ɗan yatsa ɗaya. Biyu suka ƙage, ba sa lanƙwasuwa har yau. Maganar ƙara da zaman sulhu ba zan shiga ba, manya sun zauna, an ce an kashe wuta. Waƙar ba ta mutu ba. Bayan abin ma ta fi yawo, har Kano aka ce an ji ta, da sunayen mutanen da ban sani ba. Wani abokin aikinsa ya ba ɗana aron kwamfuta, cikin yini ɗaya ya mayar da manhajarsa da hannun hagu, tunda ba a wurin kowa zai nemi izini ba. Wannan ya dawo. Hantsakin ne bai dawo ba. Yanzu matarsa ce ke zama a teburin bayan ta taso daga Islamiyya, yana tsaye a kanta yana cewa nan, a'a can, a hankali. Ita ce kuma ke rubuta wannan da nake faɗa, kuma ta yi wata huɗu ba ta gaishe ni da safe ba. Ban ga laifinta ba.

Ƙawata ta zo asibiti da man shanu a kwalba. Na karɓa a bakin ƙofa na ce ta juya, kada a gan ta a nan. Bayan an gama girbi suka tashi da shanunsu suka yi kudu. Ba ta yi mini sallama ba, ni na hana.

Sai da aka cire masa bandeji ya yi maganar. Muna tsakar gida da la'asar, ina shafa masa man a yatsun da suka ƙage, yaran sun tafi makaranta.

“Inna, kin sani.”

Ba tambaya ba ce. Na ce, “Na sani.”

“Tun ranar farko?”

“Tun kafin su zo.”

Ya janye hannun daga nawa. Na zaci zai tashi. Na shirya wa duk abin da zai faɗa, ko da cewa zai yi in koma Tafashiya, kuma da na koma. Ya daɗe yana kallon bango.

“Ba na son sunan,” ya ce. “Kada ki faɗa mini, ko na tambaya wata rana. Abu ɗaya nake so in ji. Mutum nawa ne a gidan?”

Na lissafa su a zuci, bukka bukka, har da tsohon da ba ya gani da jaririyar da aka haifa da damuna.

“Goma sha ɗaya.”

Ya ɗaga hannun ya juya shi, ciki da baya.

“To,” ya ce.

Ya miƙo mini shi na ci gaba da shafawa.